Kaska ba iri ɗaya ba ce: abin da binciken Bobo-Julaso ke nufi ga makiyayin Damagaram

Wanda ya saba zuwa kasuwar dabbobi ta Bakin Birji ko ta Kundumawa a farkon damina ya san yadda gogaggen dillali ke duba saniya. Ƙaho da tozo na masu kallo ne. Shi bindi yake ɗagawa, ya sunkuya ya leƙa hantsa, ya ƙirga kan nono ɗaya bayan ɗaya. In ya tarar uku ne masu rai, na huɗun ya ƙanƙance ya zama tabo, ya san kaska ta riga shi cin ribar wannan saniya, kuma kuɗinta ya faɗi ke nan. Ba banza ba aka yi mata kirari da raɓi mai jini.

Na taɓa tambayar wani dattijon Bafillace a yankin Magarya, na ce, "Baba Arɗo, wai kaskar nan duk iri ɗaya ce?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko duk shanu launinsu ɗaya. Ya ce, "Ina fa, ɗana. Akwai mai zanen baya, ita ke cin hantsa. Akwai mai dogayen ƙafafu masu ratsi, ta ƙarƙashin bindi. Akwai ƙarama mai ruwan toka. Mai magani ne dai kwalba ɗaya yake miƙo mana."

Da wani likitan dabbobi mai bincike yana wurin, da bai gyara masa ko kalma ɗaya ba. Ukun da ya lissafa su ne manyan gidajen kaskar shanu a ƙasashenmu, kuma kowace da lokacinta, da wurin da take kamawa, da cutar da take ɗauke da ita.

Mai zanen bayan ita ce masana ke kira Amblyomma variegatum. Namijin ne ke da adon nan mai ruwan lemo da baƙi, macen kuwa in ta ƙoshi takan kai girman ɗan yatsa. Bakinta dogo ne, yana nutsewa can cikin fata, shi ya sa inda ta kama yakan zama gyambo, ƙuda ya zo ya yi ƙwai, tsutsa ta shiga. Tana son ƙasa mai laima, don haka a jiharmu an fi tsammaninta a kudu, wajen Magarya da Matamai da Dungas da fadamun Korama, da kuma jikin shanun da suka dawo daga cin rani a Najeriya. Mai ratsin ƙafar dangin Hyalomma ce, ƴar ƙasar fari, wadda zafin Tanut da Gure da Tesker bai dame ta ba, tana kan shanu tana kan raƙuma. Ƙaramar mai ruwan toka kuwa ta gidan da aka daɗe ana kira Boophilus ce, wadda yanzu aka haɗa cikin Rhipicephalus. Ita ce ba a cika kula da ita ba, kuma ita ce za ta fi ba mu wahala nan gaba, zan zo kanta.

Jinin da kaska ke sha shi ne ƙaramar ɓarnarta, ko da yake shi ma ba abin rainawa ba ne: gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru da Zambiya sun nuna kowace macen mai zane da ta ƙoshi tana rage wa dabba nauyin da ya kai gram 50 ko fiye. Babbar ɓarnar tana cikin miyaunta. A 1893 wasu likitoci biyu a Amurka, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar cewa zazzaɓin da ke kashe shanu a can, wanda ake kira na Tekzas, kaska ce ke yaɗa shi. Wannan ya riga gano alaƙar sauro da zazzaɓin cizon sauro da ƴan shekaru. Abin da ke ba ni sha'awa a labarin shi ne makiyayan ƙasar sun daɗe suna faɗin haka, masu ilimi na yi musu dariya, sai da aka gwada aka ga gaskiyarsu.

A wurinmu, mai zane ita ce ke kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya da ƙirji. Dabba ta yi zazzaɓi mai zafi, ta riƙa kewaya wuri ɗaya, tana tauna ba abinci, tana ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, sannan ta faɗi tana shure-shure. Mutane su ce iska ce, ko harbin maciji. Tumaki da awaki sun fi shanu mutuwa da shi, musamman na arewa da aka kai kudu ba su taɓa haɗuwa da cutar ba. Edmund Cowdry ne ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu a 1925. Allurar oksitetirasikilin tana warkar da shi in an yi ta da wuri, amma da zarar dabba ta kai ga faɗuwa, yawanci an makara. Sai kuma kirci. Ƙwayar kirci ba kaska ke zuba ta ba, tana nan a fata tana jiran ruwan sama, amma inda manyan mai zane suka yi yawa a jikin saniya, miyaunsu na raunana garkuwar jiki, kircin da zai tsaya ɗan ƙuraje sai ya mamaye baya da hantsa. Majemi da baduku a Damagaram sun san sauran labarin, don fatar da kirci da kaska suka ci ba ta yin jaka ko takalmin kirki.

Mai ruwan toka ita ke da fitsarin jini, wato cutar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini har fitsari ya koma ja, ido ya yi fari ko ya yi shawara. Tana kuma ɗaukar wata mai kama da ita, wadda Arnold Theiler ya bayyana a 1910, mai sa rama da shawara da bushewar kashi ba tare da jan fitsari ba, wadda in an yanka dabbar akan tarar madaciya ta kumbura. Wannan ta biyun allura ma na yaɗa ta. Wanda ya bi garke duka da allura ɗaya bai tafasa ta ba, ya yi wa kaska aikinta kyauta. Da yake duk waɗannan suna kama da sammore a ido, abin da aka saba shi ne a sayi ƙunshin Berenil, maganin sammore, a dama a soka, in dabba ta tashi a gode wa Allah. Wani lokacin a dace, tunda maganin yana kashe ƙwayar fitsarin jini. Ga ciwon ruwan zuciya kuwa ko gezau.

To, a nan aikin wani likitan dabbobi Bafaranshe, Frédéric Stachurski, ya shigo. Ya yi shekaru yana nazarin mai zane, da farko a ƙasar Adamawa ta Kamaru, daga baya a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta CIRDES da ke Bobo-Julaso a Burkina Faso, cibiyar da Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Bai fara da tambayar wane magani ya fi ƙarfi ba. Tambayarsa mai sauƙi ce har ta yi kama da ta yara: kaskar da muke gani a hantsa, ta ina ta hau?

Kowa ya ɗauka tana maƙale a kan ciyawa ne, saniya ta gifta, ta kama cikinta. Shi ya bi shanu makiyaya yana duba su sa'a bayan sa'a, sai ya ga ba haka ba ne. Babbar mai zane a ƙasa take jira. In ta ji saniya, sai ta hau ta kama fatar nan mai laushi ta tsakanin kofato, ta yi shiru a wurin muddin dabbar na tsaye tana kiwo. Sai an dawo gida, saniya ta kwanta, kofato ya haɗu da ciki, sannan ta saki ta koma hantsa, ko ƙirji, ko maraina, ta kafa bakinta na dindindin. Mazan ne ke fara kamawa, su fitar da wani wari da ke kiran matan. An wallafa wannan a shekarar 2000.

Duba abin da ya biyo baya. In mafi yawan kaskar da saniya ta kwaso yau tana tsakanin kofato da yamma, me ya sa za a jira ta isa hantsa, ta yi rauni, sannan a zo ana wanke dabba duka da magani? Sai aka gina ɗan kwarami na siminti a hanyar shiga garke, mai tsawon ƴan taku, aka zuba ruwan magani daidai yadda zai rufe kofato. Shanu su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya in sun dawo kiwo, kafin su kwanta, sau ɗaya a kwana biyu ko uku, a makonnin farkon damina da manyan kaska ke fitowa. Ruwan da kowace ke ɗauka bai kai rubu'in lita ba, kuma garken da ya saba yakan wuce cikin ƴan mintoci. Ba kamu, ba ɗauri, ba kayar da bijimi. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna kaskar da ke isa hantsa ta ragu ƙwarai.

Akwai wani binciken da ya fi wannan burge ni, don ko magani ba ya bukata. Stachurski ya yi shi tare da Hassane Adakal, wanda daga baya ya koma koyarwa a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi. Mai zane sau uku take hawa dabba a rayuwarta. Tana fitowa daga ƙwai ƴar mitsitsiya mai ƙafa shida, ta sha jini ta faɗo ta yi saɓa, ta koma matsakaiciya mai ƙafa takwas a lokacin ɗari, ta sake hawa ta sha ta faɗo, ta yi saɓa ta biyu ta zama babba, ta lafe a ƙasa har ruwan fari ya tashe ta. Ke nan inda matsakaitan suka zuba a watan sha biyu, nan manyan za su fito a watan shida. Da suka ƙirga, sai suka ga yawancin matsakaitan da la'asar suke sakin jikin dabba, ba da dare ko da safe ba. Makiyayin da ya san haka zai iya kai garkensa gonakin da aka girbe a waɗannan sa'o'i, inda za a yi huɗa kuma shanu ba za su shiga ba da damina, maimakon ya bar su su zubar da kaska a makiyayar da zai dogara da ita in ruwa ya sauka.

Amma kada a yi saurin cewa a gina kwaramin wanke kofato a kowace ruga daga Dungas zuwa Belbeji. Ko a Burkina Faso, waɗanda suka fi riƙe shi masu shanun madara ne na gefen gari, masu zama wuri ɗaya. Siminti ba ya bin garke. Mutumin da ke barin kudu in an yi shuka ya nufi Damargu, ya dawo bayan girbi ta burtali, bai da garke ɗaya da zai gina wa ƙofa. Sannan dabarar an ɗinka ta ne daidai jikin mai zane, alhali rabin jiharmu na arewa ƙasar mai ratsin ƙafa ce. Inda nake ganin zai yi amfani shi ne wajen masu shanun noma da na amalanke da masu kiwon turke a kudu, in unguwa ta haɗa kuɗi ta gina ɗaya kusa da rijiya. Abin da ya cancanci a kwaso daga Bobo-Julaso ba kwaramin ba ne, halin da ya haife shi ne: a tsuguna a kalli kaskar wurin kafin a buɗe kwalba.

Yanzu ga baƙuwar. A 2007 aka ba da rahoton ganin wata kaska mai suna Rhipicephalus microplus a Kwadibuwa, karo na farko a Afirka ta Yamma. Asalinta Asiya ce, amma ta Barazil ta biyo, a jikin shanun madara da aka shigo da su don inganta iri. Haka ta faru a kudancin Benin. A 2013 Adakal da abokan aikinsa suka sanar cewa ta isa Burkina Faso da Mali da Togo, bayan ƴan shekaru aka tabbatar da ita a Najeriya da Kamaru. A ido ba ta da bambanci da ƴar uwarta mai ruwan toka da muka sani, sai an sa madubin likita an duba haƙoran bakinta. Amma ta fi ta saurin hayayyafa, inda ta sauka takan kore ta gida, tana ɗaukar nau'in fitsarin jini mafi muni wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, tana gadar wa ƴaƴanta cutar ta cikin ƙwai, kuma ta zo da taurin kan da ta koya a ƙasashen da aka shekara da shekaru ana yi mata feshi. Ita ba ta sauka daga dabba tsakanin saɓa da saɓa, kusan mako uku take yi a jiki ɗaya, don haka wanke kofato bai shafe ta ba.

Zafi da bushewar ƙasarmu kariya ce, gaskiya, don ƙwanta da ƴaƴanta ba sa jure rani mai tsawo. Sai dai wanda ya san yawan dabbar da ke kai-komo tsakanin Magarya da Maigatari, ko Matamai da Mai'aduwa, ya kuma san fadamu da lambunan da ba sa bushewa, ba zai kwanta a kan wannan kariya ba. Saniya ɗaya ta isa.

Batun taurin kan nan ana yi masa mummunar fahimta. In magani ya daina aiki sai a ce jabu ne, kuma sau da yawa jabun ne, ko ya sha rana a kan tebur a kasuwa har ya mutu. Amma akwai abin da ke faruwa ko da maganin na gaske ne. Cikin dubban kaska akwai ƴan ƙalilan da halittarsu ta sa guba ba ta kama su sosai. In aka tsinka magani da ruwa fiye da ƙa'ida don ya isa garke duka, raunanan su mutu, waɗannan su tsira, kuma su kaɗai za su yi ƙwai, kowace dubbai. Bayan ƴan zagaye garken ya cika da jikokinsu. Tarihin maganin kaska kaf haka yake: an yi zamanin arsenik, aka yi na DDT, aka zo kan amitaraz da dangin deltametirin da sifametirin da muke saye yau, aka zo kan ibamektin daga 1981, kuma babu wanda microplus ba ta karya ba a wata ƙasa. Canza kwalba ba canza magani ba ne. Sunaye uku a kasuwa kan iya zama guba ɗaya, sai an karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan. Balle masu ɗebo maganin ƙwarin wake ko baƙin man mota su shafa wa saniya, da safe a tatse ta a ba yara. Amitaraz kuma ba a sa wa doki, yana ɗaure masa ciki har ya kashe shi, abin da ya kamata kowane mai doki a garin hawan salla ya sani. Ibamektin da ake sokawa ba dalili yana fita ta kashi ya kashe buzuzun da ke binne taki a gona.

Wani abin da ke da wuyar karɓa shi ne cewa kashe kaska duka ba alheri ba ne ga shanun gida. Maraƙi yana da wata juriya ta halitta a watanninsa na farko. In kaska kaɗan ta cije shi a lokacin, ya kamu da fitsarin jini sama-sama, ya warke, ya samu garkuwa mai daɗewa. Garken da maruƙansa duka suka bi ta wannan hanya, cutar na cikinsa amma ba ta kisa. Masana a Ostareliya ne suka tsara wannan bayani a 1972. In ka wanke garkenka tas shekara biyu, sannan kuɗi ya yanke ko maganin ya gaza, kaska za ta dawo ta tarar da manyan shanun da ba su taɓa sanin cutar ba, kuma babba ya fi yaro mutuwa da ita. Shanun Bororo da Azawak sun gaji wannan zaman tare. Wanda ya sayi barbarar yanyawa da jinin shanun Turai don madara, lissafinsa daban ne, shi dole ya tsare ta kullum, kuma ya san ya ɗaura wa kansa kuɗin magani na har abada.

Stachurski ya kuma lura tun a Kamaru cewa kaska ba ta rabuwa daidai cikin garke. Ƴan dabbobi kaɗan ne ke kwasar mafi yawa, kuma su ɗin dai ne kowace shekara. Kowane makiyayi zai iya nuna maka su da sanda. Su za a fi bi da magani, kuma in za a fitar da na sayarwa, su za a fara fitarwa.

Cire kaska da hannu, wanda mata da yara ke yi da safe wajen tatsa, ban ga abin raina shi ba. Ga ƙaramin garke yana rage mai zane, kuma kaska ba ta koyon jure yatsa. Kaji ma in an bar su cikin garke suna tsince ta, haka carki, ko da yake shi yakan zarce ya buɗe gyambo. Hatsarin yana wajen mai ratsin ƙafa. Ita ke ɗauke da zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda dabba ba ta nuna alamarsa amma yana kashe mutum, daga 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani bincike da aka wallafa a 1995 ya samu alamarsa a jinin dabbobin Nijar. Murtsuke ƙosasshiyar kaska tsakanin farce biyu, ko fasa ta da haƙori, shi ne abin da za a hana yara. A jefa ta wuta ko cikin gwangwanin kananzir. Mahauta da masu fiɗa su ma suna cikin wannan magana.

Muna da LABOCEL, ɗakin binciken dabbobi na ƙasa mai yin alluran rigakafi, muna da likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu a ƙauyuka, muna da jami'ar André Salifou a nan Damagaram da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Kamfen ɗin rigakafi na shekara-shekara ya fi karkata ga ciwon huhu na shanu da annobar ƙananan dabbobi, kuma da hujja, tunda su akwai allurar da ke tare su. Kaska ba ta da irin wannan allura a hannunmu. An yi wa microplus rigakafi a Ostareliya da Kuba tun cikin shekarun 1990, amma rage ta yake yi a hankali, bai kuma taɓa mai zane da mai ratsi yadda ake so. Aikin da ke gabanmu ya fi wannan arha. Ɗalibi ɗaya a kasuwar Matamai, ɗaya a Gidigir, ɗaya a Tanut, kowace ranar kasuwa ya duba shanu ashirin, ya cire abin da ya samu da ɗan hantsaki, ya zuba a kwalbar alkol, ya rubuta wata da wurin da dabbar ta fito da gaɓar da aka cire ta. Ƙosassun matan kuma a aje su da rai su yi ƙwai, a gwada ƴaƴan a kan takardar da aka jiƙa da magungunan da ake sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram, a ga wanne ke kashewa har yanzu. Shekara biyu ana haka, mataimakin likita a Dungas zai iya ce wa Arɗo ga kwalbar wannan wata, ga wadda zai bari sai kaka.

Kafin nan, wanda ya sayo dabba daga kudu ya ɗaure ta gefe, ya yi mata magani a ranar da ta iso da cikakken awo, ya sake bayan mako guda, kuma kada ta taka makiyaya ko bakin rijiyar gari sai ta cika mako uku a turke.